Ƙashin Kiran Cleofas

Ni dai ban yi wa waliyyi alkawarin komai ba. Mijina Cleofas ne ya yi, shekarar da haihuwar 'yarmu Ofelia ta kusa tafiya da ni. Ya durƙusa gaban San Isidro, waliyyin manoma, ya ce in na tashi, duk shekara ranar bikinsa zai kawo talotalon daji a zuba a tukunyar gari. Na kuwa tashi. Ofelia yanzu tana can birnin Parral da nata 'ya'yan. Bakancen nasa ne, amma bana gwiwoyina ne suka ɗauke shi.

Dalili kuwa, kunnuwansa sun tafi. Injin yanka katako ya cinye su a hankali, ranar da suka ƙare kuma masu injin suka sallame shi. Sai na zama kunnuwansa. Kullum da asuba in bi shi mu hau dutse, yana gaba da tsohuwar bindigarsa, ina baya da gorar kofi da wainar masara, ina tsine wa kowace tsakuwa a zuci. Mu zauna gindin pino, dogon itacen nan mai ganye kamar allura. In toron talotalo ya yi kuka daga inda ya kwana, in taɓa gwiwar Cleofas in nuna masa wajen da yatsa. Shi kuma ya ciro ƙashin kiransa.

Da ƙasusuwan fiffiken macen talotalo ya haɗa shi tun yana saurayi, ya ɗaure da zare, har ya yi jawur don shan hannu. Ba busawa ake ba, tsotsa ake, sai ya fitar da muryar mace mai neman namiji. A duk garuruwan kan dutsen nan babu wanda ya kai Cleofas. Ranar biki, in an ci an ƙoshi, sai a ce, "Dattijo Cleofas, a ɗan taɓa mana." Ya tsotsa sau biyu, duk talotalon gidajen gari su ɗauka gaba ɗaya, yara su yi ta faɗuwa don dariya. Tun da aka sallame shi daga aiki, abin da ya rage masa ke nan da mutane ke tashi tsaye dominsa.

To, mutumin da ba ya jin kowa, ba ya jin kansa. Kiran ya lalace. Abin da ke fitowa yanzu ya fi kama da ƙarar ƙofar da ta yi tsatsa. Toron nan yakan cika kwari da kuka tun gari bai waye ba, amma Cleofas na tsotsa ƙashin sai ya yi gum. Shiru kake ji har rana ta take. Cleofas ya dube ni, in girgiza kai, mu tattara mu sauko.

"Fari ne," in ji shi a hanya, da muryar da shi a ganinsa raɗa ce, alhali ana jin ta a ƙetaren kwari. "Ba ruwa, ba ciyawa, wa ke da ƙarfin neman mace? Ga maharban birnin nan da akwatunan kiransu na kanti, ƙiiƙ-ƙiiƙ daga safe har yamma, sun koya wa tsuntsaye wayo."

"Haka ne, tsoho," in ce a kunnensa na hagu, wanda ya ɗan rage.

Bara sa'a muka ci, wani matashin toro marar hankali ya faɗo mana. Bana kuwa muka yi ta hawa muna sauka hannu wofi, har biki ya rage jibi. Na gaji. Gajiyar da ko na kwanta ba ta sauka, ƙafafuna sun kumbura, waken da na shuka ciyawa ta rufe shi, kajina sun manta fuskata.

Ran nan da yamma maƙwabcinmu Tiburcio, wanda ya riƙe Ofelia ranar baftisma, ya leƙo ta kan shinge.

"Compadre!" ya ƙwala, sunan da uban 'ya da uban baftismarta ke kiran juna ke nan. "Ina naman waliyyi? Ko bana azumi zai yi?"

"Me?" in ji Cleofas.

"Na ce ina da toro a gida, ƙato, ya ci masara ya ƙoshi! In an fige shi an zuba barkono, ko San Isidro ba zai gane ba!"

"Kai dai ka iya kiran talotalon da ke ɗaure a turke," in ji Cleofas. "Na daji na ce masa, na daji zan kai." Ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Tiburcio ya daina dariya, ya juyo gare ni. Ya dawo da muryarsa ƙasa, ko da yake ba a bukatar hakan.

"Comadre Herlinda, shekaranjiya ina neman saniyata a bayan dutse na ji kiransa. Na ɗauka wani abu ne ya faɗa tarko. Ki gaya masa mana."

"Kai ka gaya masa, tun da bakinka ya fi nawa tsawo."

"Ni? Ina son raina."

Daren nan na yi ta juya maganar. Yaya zan kafa baki a kunnen mutum, da ƙarfi, don sai da ƙarfi yake ji, in ce masa abu ɗayan da ya rage maka shi ma ya tafi? Ban iya ba. Abin da na iya shi ne, da asuba yana ɗaura takalmi, na zare ƙashin daga aljihun rigarsa na sanyi na jefa a aljihun zanen girkina.

Mun kai gindin pinon, na zauna ina haki. Gari ya fara haske, toron ya saki kuka daga ƙasan kwari. Na taɓa gwiwa, na nuna. Cleofas ya sa hannu a aljihu. Ya sa a ɗayan. Ya cire hula ya duba ciki, ya lalube ƙasa. Sannan ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na kafe idona a kan kwarin. Na jira masifa. Sai kawai ya jingina da itace, ya ɗora bindiga a gwiwa.

Muka zauna. Toron ya sake kuka, ya kuma, babu ƙofa mai tsatsa da ta katse shi. Na ji saukarsa daga itace, fiffike na dukan iska. Daga nan ya yi tsit. Sanyi ya shiga ƙashina, tururuwa ta hau ƙafata, ban motsa ba. Can na tuna yadda kajina ke yi a bayan ɗaki, sai na sa hannu cikin busasshen ganye na ɗan tona. Na dakata. Na sake tonawa, kamar mace tana kiwonta ba ruwanta da kowa.

Rana ta ɗaga sosai, har na fid da rai, barci na fizgata. Sai na ji wani abu kamar ana jan tsintsiya a ƙasa. Toron ne, ya zo ba tare da ya yi kuka ba. Ga shi nan tsakanin itatuwa biyu, ya baza wutsiya mai farin baki, fiffikensa na sharar ƙasa, kansa ja da shuɗi, yana leƙen macen da ya ji tana tono. Ban ma taɓa gwiwar ba, idon Cleofas ba abin da ya same shi. Harbi ɗaya ya yi.

Ya ɗaure ƙafafun, ya rataya shi a kafaɗa, muka kama gangara. Na ɗauka zai yi ta surutu kamar kowace shekara, yana ba ni labarin abin da aka yi a gabana. Bai yi ba. Sai da muka kai rafin da ya ƙafe ya sauke tsuntsun a kan dutse, ya miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni, tsohuwa. Zarensa na leƙowa daga aljihunki tun muna gida."

Na ba shi. 

"Yau ya yi ta kuka?"

Na gyaɗa kai.

"Sauran ranakun fa? Kafin in kira yana yi, in na kira ya daina?"

Na sake gyaɗawa.

Ya goge ƙashin a rigarsa, ya sa a baki, ya zuba mini ido. Ya tsotsa. Na rantse na yi iya ƙoƙarina in riƙe fuskata, amma mutumin da kuka tsufa tare ba ya bukatar kunne. Ya cire shi a hankali.

"Tun yaushe?"

Na matsa kusa da kunnen hagu. "Tun bara," na ce, da ƙarfi, kwarin ya maimaita.

Ya zauna a bakin dutsen kusa da tsuntsun, yana shafa gashin wuyansa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na ji haushin waliyyin, na ji haushin injin katako. Na zauna gefensa, na zuba masa sauran kofin da ya huce, ya shanye.

"Gobe in an ci an ƙoshi za su ce in taɓa musu," ya ce, wannan karon da raɗa ta gaske.

"Sai ka ce haƙori ke damunka."

Bai ji ni ba. Ya kama hannuna, ya sa ƙashin a ciki, ya rufe yatsuna a kai.

"In kin fige tsuntsun kin sa a wuta, ki jefa wannan a tukunyar. Na waliyyin ne shi ma."

Ya saɓa tsuntsun ya yi gaba. Na bi shi a baya da gorar da ba komai a ciki.