Ba Gudu Ya Yi Ba

Ana gobe Obon, ranar da kowa a ƙauyen ke hawa dutse zuwa maƙabarta ya ɗauko ruhohin mamatansa su yi 'yan kwanaki a gida, tsoho Genzo ya ga ɗigon mai a cikin tayar motarsa ta gaba ta dama. Ya dangwala da yatsa ya shinshina. Man birki ne. Ya dubi motar ya ce, "Haba ke kuwa, sai yau?"

Farar mota ce tun ta zamanin ƙuruciyarsa, irin wadda samari ke tsayawa su ɗauki hoto. A cikinta aka kawo ɗansu Kohei gida yana jinjiri, kuma matarsa Sumie ta kafe cewa a cikinta za a ɗauko shi gobe, tunda wannan ne Obon ɗinsa na farko a cikin mamata. Bara da kaka ƙaramar motar Kohei ta zarce a kwanar gangaren dutsen nan, ta faɗa rami. 'Yan sanda suka ce gudu ne, don ko alamar taka birki babu a kan kwalta.

Sumie ta leƙo garejin riƙe da faranti. A kai akwai dokin kokwamba da saniyar gauta, duk an soka musu ƙafafun tsinke: doki don mamaci ya zo da sauri, saniya don ya koma a hankali.

"Baban Kohei, kada ka ce mini ta lalace."

"'Yar roba ce kawai. Kafin ki dafa shinkafa na gama."

"Haka ka ce da rufin ɗaki, har yau bokiti muke tarawa." Ta gyara wa dokin ƙafa. "Ga abin hawansa nan. Dama gudu ya iya, shashasha. Ya bar ni ina goge hotonsa."

Shekara guda ke nan tana fushi da yaron, kuma fushin ya fi kukan cin ta.

Genzo ya sa jak, ya cire taya, ya kwance ƙarfen da ke cafke faifan birki. Bai damu ba. Ai Kohei da kansa ya gyara birkin motocin biyu, tasa da ta ubansa, ana saura 'yan makonni ya rasu, kuma aikinsa aikin Genzo ne, hannu da hannu ya koya masa. Ya hura iska, fistan, ɗan ƙarfen da ke matse birkin, ya fito ya faɗo a kan tsumma.

Nan ya tsaya cak. Jikin fistan duk karce ne, siririn karce mai zagaye, irin na samfefa. An goge fatar ƙarfen mai sheƙi har ta tafi, tsatsa ta dawo ta ci rami-rami, ramukan suka yayyanka robar. Ba yoyon yau ba ne. Da motar tana fita kullum, da tuni man ya tsiyaye.

Ya san gugar nan, ai tasa ce. Sau nawa ya ƙwace sabon fistan daga hannun Kohei ya mayar kanti? "Asara ce! Ba a yar da abin da ke da sauran rai. Goge shi." Yaron ya taɓa cewa an hana goge irin wannan, shi kuwa ya daka masa tsawa, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga abin da babban ya hango. Motar Genzo tana kwance a gareji, sai ranar biki take fita. Ta Kohei kuwa kullum tana sauka dutsen nan, da irin wannan gugar a birkinta.

Ya zauna daɓas a ƙasa. A waje ƙwarin bazara sai ƙara suke kamar ana biyan su. Sabuwar roba tana nan a akwati. In ya sa ta, ya cika mai, motar za ta hau dutsen gobe, wataƙila ma ta sauko. Sumie za ta zauna a gefensa da fitilar takarda ta haska wa mamaci hanya a cinya, ba ta san komai ba. Har ya ɗauko robar, sai ya ga hannunsa ya ƙi.

Ya shiga gida da fistan a tafinsa, ko takalmi bai tuɓe ba, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Sumie tana durƙushe gaban hoton Kohei tana jera farantin.

"Motar ba za ta je ba," in ji shi. "Da ƙafa za mu ɗauko shi."

"Da waɗannan gwiwoyin naka? Wasa kake yi."

Ya ajiye fistan kusa da dokin kokwamba, baƙin mai ya ɓata farin ƙyallen da ke shimfiɗe a wurin.

"Maman Kohei, ki daina zagin yaron nan. Ba gudu ya yi ba. Ya taka birki, birkin ne bai kama ba. Ni na koya masa."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki hoton ta rungume, ta ce masa, "Yi haƙuri, ɗana, yi haƙuri." Washegari ta hau dutsen da fitilarta, ta sauko ana hasken yamma, Genzo na ɗingishi a baya, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.