Bishiya Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Shekara uku ke nan tsofaffin ƙungiyar jirgin ƙasa na Merrigal suna saran sarƙaƙiya duk Asabar, don su mayar da siririn layin dogonsu har tsohuwar tasha, inda aka tumɓuke shi tun kafin a haifi iyayen Tamsin. Asabar mai zuwa za a fara shimfiɗa ƙarfe. Tamsin Kowalczyk, wadda ta gama karatun safiyo bara, ta auna hanyar sau biyu, sau biyun kuma awo ya nuna sun karkace sun shiga gonar dankalin maƙwabci. In ƙarfe ya sauka a can, ƙaramar hukuma za ta janye izini, aiki ya mutu.

Ta iske su a rumfar shan shayi, inda ta san za ta same su. A ganinta, da da shayi ake shimfiɗa dogo, da tuni sun isa Melbourne.

"Merv, hanyarku ta kauce."

Merv Dunstan, shugaban ƙungiyar, ya tsoma biskit a kofi. "Zauna tukuna, injiniya. Taswirar can ta girmi kakanki."

Taswirar tana rataye cikin gilashi, ta shekarar 1911, ta yi ja kamar shayin. Da sarƙa aka yi awonta, kuma duk awon ya tashi ne daga wata bishiyar turare da masu safiyo suka sassaƙa wa alama, kibiya da lamba goma sha bakwai.

"Taswira ba ta da laifi," in ji Tamsin. "Daga wace bishiya kuka fara awo?"

"Wace kuma? Babbar mana." Ya nuna ta da biskit.

"Ka taɓa ganin alamar a jikinta?"

"Ɓawo ya rufe ta. Ke ma in kika kai shekarunta, abubuwa da yawa za su rufe."

Noelene mai sayar da tikiti ta miƙo mata kofi. "Rabu da shi, 'yata. Tun safe yake neman tabaransa, ga shi nan a goshinsa."

Tamsin ba ta karɓi kofin ba, ranta ya fara ɓaci. "Shekara uku kuna zubar da gumi, an rasa mutum ɗaya da zai tashi ya duba. Awona ya kai ni bayan tankin ruwa, kuma babu bishiya a can sai kututture. Wa ya sare ta?"

"Ni," in ji Merv, har da ɗaga kafaɗa. "Shekara arba'in da suka wuce. Ta nemi faɗawa kan tanki. Ban yi asarar ko reshe ba, da ita na yi bencin nan."

Tamsin ta dubi bencin da yake zaune a kai, ta dube shi. "Tashi."

"Ban gama shayina ba."

"Tashi da kofinka, tsoho."

Ita da Noelene suka kifar da bencin. A ƙasansa, inda Merv bai ga dalilin gogewa ba, ga kibiya nan raɗau, ga goma sha bakwai.

Merv ya sauko da tabaran daga goshi, ya daɗe yana kallo.

"Ba mamaki aka rasa ta," in ji Noelene. "Tun da ka zauna a kanta ba ka tashi ba."

Shi da kansa ya ɗauko tsohuwar sarƙar awo daga ɗakin nuna kayan tarihi. Ya ce in dai kunya zai sha, da kayan aikin mutanen kirki zai sha ta, ba da na'ura ba. Suka ja ta daga kututturen, Tamsin na karanto lambobin taswira. Taku talatin daga hanyar da suka share, a tsakiyar ƙayar da ba a taɓa ba, takalminsa ya daki wani abu. Ya durƙusa da ƙyar, ya zaro ƙusar tsohon dogon, duk ta yi tsatsa.

Ya juya ta a hannunsa. Tamsin ta buɗe baki za ta ce ai ta faɗa, sai ta ga tabon ƙaya na shekara uku a bayan hannun, ta haɗiye maganar.

"An fasa shimfiɗa ƙarfe," in ji Merv. "Sara za mu koma." Ya miƙa mata addarsa. "Asabar ƙarfe takwas, injiniya."

"Bakwai."

"Takwas. Bakwai ta shayi ce."