Sunan Ado a Bakin Kande

Shekara uku Rakiya na rubuta wasan zane mai motsi da ake nunawa a tele duk Asabar, kuma yaran Yamai sun haddace dokarsa: dodon kogi ba ya kama mutum sai ya ji sunansa a bakin uwarsa. Jarumin wasan, Ado, ɗan fari ne, uwarsa Kande ba ta faɗin sunansa don kunya, sai dai "wancan yaron". Abin da ya tsare shi ke nan har kashi talatin da tara.

Sai ga shef ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, Abdulrazak, ya dawo daga sitaj, kwas na wata biyu a Faransa, kai ya kumbura. Wai ƙarshen da babu hawaye, ba ƙarshe ba ne. Ya zauna ya juya kashi na arba'in: Kande ta sheƙo bakin kogi, ta ƙwala wa Ado kira da sunansa har sau uku, suka rungume juna. Dodo fa? Yana cikin ruwa shiru, sai ka ce kurma.

Rakiya ta buɗe littafin da take ajiye dokokin labarin, ta nuna masa kashi na bakwai da na ashirin da biyu. Ta ce ko dai dodo ya cinye Ado, ko kuwa shekara uku ƙarya suke shara wa yara. Ya ce an riga an ɗauki murya. Ta roƙe shi ko sunanta ne ya cire daga wannan kashin, don tsohuwarta na tara maƙwabta a unguwar Lazare su kalli aikin 'yarta. Ya ce to madam, yana latsa waya. Bai cire ba.

Ran Asabar da la'asar tana zaune a tsakar gidansu ana kallon kashin. Yara suka yi ta tafi, wata maƙwabciya har da share hawaye, ba wanda ya tambayi ina dodo. Sunanta ya fito ɓaro-ɓaro a tele a matsayin marubuciya.

Da aka watse, tsohuwar ta daɗe tana naɗe tabarma ɗaya. Rakiya ma 'yar fari ce. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba, kuma ba ta taɓa nema ba.

"Ke," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba, "in abin na damunki, ai da kin same ni a ɗaki. Ba sai kin kai ni tele ba."