Littafin Malam Saifuddeen Fes Yake

Shekara shida ina sharar asibitin ƙauyenmu, ban taɓa ganin masani irin shugabanmu Malam Saifuddeen ba. Sau uku yana zuwa bita Dutse kan yadda ake zubar da sharar asibiti, duk ya manna takardun shaidar a bango. Kwalayen zuba allura da aka ba mu kuwa ya kulle su a sito, wai kada su yi datti kafin baƙi masu duba asibiti su zo. Alluran da aka yi aiki da su sai a watsa cikin leda tare da auduga da ɓawon gyaɗa, ni Laraba in kwashe.

Ranar Lahadi na ɗaga ledar, wata allura ta fasa ta, ta shige min yatsa. Ta wa ce? Oho. Ga shi ina shayar da 'yata Najwa, wata biyar gare ta.

Na ce, "Malam, a rubuta min takarda in je babban asibitin Jahun."

Bai ko ɗago kai ba. "Ki matse jinin ki wanke da sabulu. Alhamis baƙi za su zo, ba zan ɓata littafin rahotona ba. In kika kai maganar waje, masu neman tsintsiyar nan da yawa."

Na yi yadda ya ce. Wanda ya je Dutse sau uku ai ya fi ni sani.

Ranar Alhamis kwalaye suka fito, sababbi fil, aka jera su kamar kayan ɗaki. Malam ya yi ta zuba bayani, baki har kunne. Wata Hajiya Sa'adiyya cikin baƙin ta tambaya ko allura ta taɓa sukar ma'aikaci a bana.

"Ko ɗaya, Hajiya."

Haushi ya ci ni. Na ajiye tsintsiya, na miƙa mata yatsana.

Da motarta ta kai ni Jahun. Ma'aikaciyar jinya ta ƙirga kwanakin, ta ce maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin kwana uku ake fara shi, na makara. Sai dai a yi ta gwada jinina har wata uku. Ta ce ana koyar da haka a bitar Dutse. Ashe wannan ma Malam ya sani, yana cikin abin da ya karanto.

Na koma gida da la'asar. Najwa ta miƙo hannu tana neman nono, na tsaya ina kallonta, na kasa ɗaukarta.