Talatar Malam Garba

"Baba, ka cinye mini sashen hadda!" in ji Zahra'u, tana kai hannu don ta kare sauran dabinon.

Malam Garba ya ci gaba da taunawa, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Yana kishingiɗe a tabarma a tsakar gidansa na Gyadi-Gyadi, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan matashi. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi, asibiti suka ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a.

Zahra'u 'yar maƙwabcinsa ce, tsohuwar ɗalibarsa, yanzu kuma ita ke tsara jadawali a sakandaren kuɗi da ke Tarauni, inda ya tsufa yana koyar da addinin Musulunci. Ta jera masa dabino da aya da gyaɗa a faifai don ya ga yadda makarantar ta rabu uku a sabon zango.

"Dabino 'yan hadda, su kam safiya tasu ce. Aya 'yan manhajar Ingila, Alhaji Sadik mai makarantar ya ce ba su da lokacin addini sam. Gyaɗa 'yan manhajar gwamnati, an bar musu darasin ƙarshe ranar Juma'a, yadda aka saba. Ni kuwa so nake a haɗa aya da gyaɗa ranar Talata da safe, a yi darasi na gaske."

"To ki haɗa mana. Ai da daɗi a baki."

"Baba! Alhaji Sadik ya ce mai darasin bai taɓa kuka ba, ni mai koyar da kimiyya me ya yi mini zafi? In ba kai ka buɗe baki ba, ranar Litinin za a manna jadawalin, shi ke nan."

Abin da ke ƙona mata rai ke nan a makarantar: kowa ya san darasin ƙarshe na Juma'a suna ne kawai. Ana buga ƙararrawa, maza sun yi masallaci, 'yan adaidaita sun cika ƙofa suna danna ham, iyaye na kiran yara. Amma da ta yi magana sai a ce mata haka aka gada.

"Wa ya ce miki ba na koyarwa?" in ji Malam. "A hanya nake yi. Daga ƙofar makaranta zuwa masallaci nakan gama farillan alwala, in an samu cunkoso har mu taɓa tarihi."

"Sai dai tarihin mai rake," aka ce daga soro. Madam Felicitas ce ta yi sallama ta shigo da kwanon farfesun kifi. Ita ke koyar da addinin Kirista, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Malam. Darasinsu lokaci guda yake zuwa, domin aji rabewa yake yi: ɗaya ya zauna a ɗaki da nasa, ɗaya ya kwashi nasa zuwa benci a gindin darbejiya. Shekara da shekaru suna musu a kan wanda zai fita.

"Maman Nkem, an zo a ga ko na tafi a gaje aji?"

"Kai da kullum kake cewa makon jiya kai ka fita? Tashi ka sha, ban sa barkono ba."

Zahra'u ba ta yi dariya ba. "Baba, ka ce a hanyar masallaci kake koyarwa. Mu mata fa? Na yi ajinka tun daga aji ɗaya har na fita. Ko sau ɗaya ka taɓa ganina a hanyar nan? Gida muke tafiya. Ana gobe jarrabawa muke haddace amsa kamar aku. Yanzu ga wasu za su fita ko wannan ba su samu ba."

"Nawa ma," in ji Madam, "da sun ga an watse sai su bi ta taga."

Malam ya juya cokali a kwano. Ya dubi Zahra'u ya ce, "Bakinki kamar na kakarki. Allah ya jiƙanta, ita ma ba ta bari a sha farfesu lafiya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Zahra'u ta tafi gida tana huci.

Ranar Asabar bayan la'asar Alhaji Sadik, mai makarantar, ya zo dubiya da malamai a bayansa. Aka shimfiɗa darduma, aka yi addu'a. Da zai tashi sai ya faɗi abin da kowa ke faɗa a gaban mara lafiya: "Malam, in akwai abin da kake bukata, don Allah ka faɗa."

Kowa ya san amsar: babu komai, sai addu'a. Inna Ladi, matar Malam, har ta fara godiya daga bakin ƙofa.

"Akwai," in ji Malam.

Alhaji ya koma ya zauna.

"Talata da safe. Darasin addini. Da 'yan gwamnati da 'yan Ingilan naka, gaba ɗaya. Nawa da na Maman Nkem."

"Malam, ai tsarin nasu ba ya..."

"Kai ka tambaya, Alhaji, ga shaidu. Ko za ka ce da mutumin da ke kwance a'a?" Ya lumshe ido, ya saki wani nishi mai tsawo wanda Zahra'u ta tabbata na shiri ne, don ta ga ya buɗe ido ɗaya yana leƙenta.

Alhaji ya dubi malamansa, malamai suka dubi ƙasa. Ya yi dariyar wanda aka kama. "An ba ka, Malam. Zahra'u, ki gyara."

Da suka fita, Malam ya ce da Zahra'u, "Saura Alhaji ya ce ban taɓa kuka ba. Miƙo ayar nan."

Ranar Litinin da hantsi, tana tsaye tana manna jadawali a allon sanarwa, aka kira ta a waya. Kafin azahar layin ya cika, an kai Malam makwancinsa. A wajen zaman makoki tsofaffin ɗalibansa suka riƙa tuna karatun hanyar masallaci, ana share hawaye ana dariya.

Talatar da ta biyo bayan sadakar bakwai, aka buga ƙararrawar safe, aji ya rabu. Malam Rabi'u, sabon malamin da aka ɗauka, ya tattara littattafansa zai fita, don an gaya masa makon nan Madam ce a ɗaki.

"Zauna, ɗana," in ji ta. "Makon jiya Malam Garba ne ya fita."

Zahra'u tana kallo ta tagar ɗakin gwaji. A cikin aji 'yan mata sun cika layin gaba, wata har ta ɗaga hannu. A gindin darbejiya kuwa Madam ta kaɗe ganye daga bencin, ta zauna a can gefe ɗaya, ta buɗe littafinta.