Karkatacciyar Ƙota

Shamroz ya ɗora wata ƙotar bindiga a kafaɗa, ya kwantar da kunci, ya auna ƙusar da ke bangon shagon. Ƙusar ta narke masa a ido.

"Wannan kuma ta yi gajarta," in ji shi.

Usta Ajab Gul, wanda ya tsufa yana sassaƙa ƙotar bindiga a kasuwar Darra, ya ajiye kofin shayi. "Ɗan'uwa, ta roba ka ce santsi, ta itacen akrot ka ce nauyi. Ƙotocina lafiyarsu lau. Rufe idon hagu ka faɗa min launin rawanina."

Shamroz bai rufe ba. Tun bara yanar ido ta fara cin idonsa na dama, ko matarsa bai gaya wa ba. Ga Sallah ta matso, ranar da ƙauyensu da na ƙetaren rafi ke jera ƙwai a kan dutse su yi gasar harbi. Tun yana saurayi shi ke fasa ƙwan ƙarshe, kuma ya gwammace a zage shi da a ji tausayinsa.

Usta ya laluba ƙarƙashin benci ya zaro wata ƙota mai lanƙwasa kamar ƙafar kare. A kafaɗar dama ake ɗora ta, amma bakin bindigar saitin idon hagu yake zuwa.

"Duk wanda ya ga wannan ya san abin da ya same ni," Shamroz ya ce.

"Tun daga nesa ma. 'Yan ƙetare har waƙa za su yi maka. Ko kuwa ka ɗauki ta akrot, ka fito fes, ka kuskure, ka ce iska ce."

Shamroz ya karɓa ya gwada. Sai ga ƙusa tar, har tsatsar kanta yana gani. Daɗi ya kama shi, da ƙyar ya ɓoye murmushi a gemu.

"Ɗaura min ita a bindigata."

Da aka gama, Usta ya jawo bargo. "In naɗe maka, ka bi ta bayan kasuwa."

"Riƙe bargonka."

Ya rataya bindigar ya ratsa tsakiyar kasuwa, ta gaban mai shayin da 'yan ƙetare ke zama. Ɗaya daga cikinsu ya tuntsire da dariya.

"Shamroz! Bindigar ce ta tsufa ko mai ita?"

Shamroz ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Idona na dama ya tafi. Ku je ku shaida wa mutanenku, kada ranar Sallah su ce da ido biyu na cinye su."