Ranar da Zarga ta shiga ruwa

Mijina Shinawa ya rasu bai ga dawowar ruwa ba. Shi ne ya fi kowa naci a kai. Tun da aka datse kogi da ganuwar ƙasa, fadamarmu ta bushe, mutane suka watse, shi kuwa ya ƙi tashi. Cewa yake wannan ruwa na kakanninmu ne, ba wanda ya ba mu shi balle ya karɓe.

Baunar kiwo guda ya bar mini, sunanta Zarga. Baunarmu ba ta ba da nono sai ga muryar da ta sani, kuma shi ke yi mata waƙa in zai tatse ta. Da ya tafi sai ta riƙe nononta. Na ɗaura rawaninsa, na kumbura murya, na rera. Ta juyo ta dube ni, ta shure ƙwaryar.

Ƙanensa Falih ya ce, "Yaya, a kai ta wurin mahauci tun tana da nama."

"Kai ma ba ka ba da nono, an yanka ka?"

"To, zuwa Juma'a. Ciyawa ta ƙare."

Kafin Juma'ar mazanmu suka daina jiran izini. Suka ɗauki fartanya da shebur suka nufi ganuwar don su fasa ta. Dattawa sun riga sun sa kowa ya rantse: ba mai zuba wa kifi guba, ba mai yankan kyauro sai ya ƙosa. Da hantsi muka ji guɗa. Ruwan ya taho a hankali, ja, yana tura busasshen kashin shanu a gabansa. Tsohuwa Hashmiya ta durƙusa ta sumbace shi, ta tashi da taɓo har hanci.

Zarga a busasshiyar ƙasa aka haife ta, ruwan bokiti kawai ta sani. Ta tsaya a baki tana huci. Falih ya tura ta daga baya, ta zaunar da shi a caɓi.

Sai na shiga da kaina, da baƙaƙen kayan takabata, har ƙugu.

"Sabiha ta haukace!" in ji Hashmiya. "Ke, wa zai aure ki a jiƙe?"

"Mijinki, Inna, in kin ba ni aro!"

Ina dariya ina kuka, ban san lokacin da na fara waƙar Shinawa ba, da muryata ta mace. Na ji ruwa ya motsa a bayana. Zarga ce. Ta wuce ni, ta kwanta, ba a ganin komai sai hanci da ƙaho. Ta ja numfashi irin wanda ban taɓa jin dabba ta ja ba.

Sai la'asar ta fito. Na tsuguna a gefenta ina rerawa, ina tatsa. Nono ya zubo mai kauri, yana kumfa.

Falih ya leƙo, wandonsa bai bushe ba.

"Yaya, a ɗan sam mini."

"Je ka wurin mahauci ya ba ka."

Na cika masa kofi.